Edita Ba Maroƙi Ba Ne

Ni dai ba ɗan makaɗa ba ne. Ubana maɗinki ne, kakana kuwa manomi, ba wanda ya taɓa rataya ganga a zuriyarmu. Amma tun ina yaro Allah ya sa mini son kiɗa. In na ji kalangun mahauta ran kasuwa, sai in manta da aiken da aka yi mini, in tsaya baki sake, in na koma gida in sha bulala. Da na girma na so in koya, sai na tarar ƙofa a rufe. Ka san a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi tun yana rarrafe ya ke wasa da gula. Ya yi ta bin ubansa wurin biki da filin dambe, yana ɗaukar masa kaya, yana yi masa amshi, har hannunsa ya faɗa, ba tare da an taɓa zaunar da shi an ce yau ga darasi ba. Wanda bai gada ba kuwa, shi a ke ce wa haye, in bai yi sa'ar samun ubangida mai haƙuri ba, sai ya tsufa da sha'awarsa a ciki.

Wannan shi ya sa mu huɗu, abokan juna, muka haɗa 'yan kuɗinmu muka fara fid da wata ƙaramar mujalla ta koyar da kiɗa, wata-wata. Waɗansu a takarda su ke sayenta, waɗansu kuwa a waya su ke karantawa. Mukan tafi wurin gwanaye mu zauna, mu tambaye su, sa'an nan mu rubuta abin da suka koya mana: yadda a ke riƙon kalangu, da yadda a ke ɗaura wa goge izga, da bambancin garayar maharba da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, da abin da ya sa ba a busa wa kowa kakaki sai sarki. Ni aka ɗora wa aikin edita, watau wanda zai duba duk abin da za a buga, ya ce wannan ya shiga, wannan kada ya shiga. Da fari na zaci aikin bai wuce gyaran baƙi da jera shafi ba. Abubuwa uku suka same ni, suka nuna mini ashe ban san nauyin kayan da na ɗauka ba. Na ga ya kamata in ba ku labarinsu, ku da kuka sha wahala kuka koyi karatu da girmanku, domin ku san abin da a ke yi a ɗaki kafin takarda ta iso hannunku.

Na farko kuskure ne, kuma nawa ne ni kaɗai. A fitowarmu ta uku muka buga darasi a kan muryar kalangu. Wanda ya san kalangu ya san baki biyu gare shi, tsakiyarsa siririya, an rufe kowane baki da fata, an haɗa fatun biyu da tsarkiya masu yawa. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya sa a hammata. In ya matse tsarkiya da damtsensa, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, fata ta sassauta, murya ta sauka. Da wannan hawa da sauka ne kalangu ke kwaikwayon maganar mutum, domin harshenmu ma haka ya ke. Dubi kuka na hawaye da kuka ta miya: baƙinsu ɗaya a takarda, hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. To, wannan darasi kuwa daga bakin wani tsohon makaɗin kalangu muka ɗauko shi, wanda mu ke ce wa Baba. Ni na kwafe shi da dare, ina gyangyaɗi, mai ɗab'i kuwa yana ta aiko mini. Sai na juya maganar. Na rubuta in ka matse murya ta sauka, in ka saki ta hau.

Bayan kwana goma sai ga Baba da kansa a ofishinmu, rataye da kalangunsa. Shi ba ya karatun boko, jikansa ne ya karanta masa. Muka gaisa, na ba shi wurin zama, ya ƙi zama. Ya sauke kalangu ya rataya mini, ya sa mini gula a hannu, ya ce, "Matse, ka buga."

Na matse, na buga.

Ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Na ji ta hau, Baba."

Ya ce, "To, a takardarka sauka ta yi. Kuma sunana ne a ƙarƙashi. Ɗana, tun ba a haife ka ba na ke wannan sana'a, ba wanda ya taɓa cewa ban san sama da ƙasa ba, sai yau da na ba ka aron bakina."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Da ya tafi muka zauna shawara. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu yi shiru, mu gyara na cikin waya a ɓoye, na takarda kuwa ai duk wanda ya taɓa kalangu zai gane da kansa, ba sai mun tona wa kanmu asiri ba. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata ga wannan shawara. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga wani saurayi mai koyo. Ya ce ya yi mako guda yana bin darasinmu, amma kalangunsa sai ya yi ta yin akasin abin da muka rubuta, yana tambaya ko kalangun ne mara kyau ya mayar wa masassaƙi, ko kuwa kunnensa ne ba shi da lafiya. Na karanta wasiƙar nan sau uku. Yaron nan ya zargi kalangu, ya zargi masassaƙi, ya zargi kunnensa, amma bai taɓa kawo wa ransa takarda ce ta yi kuskure ba. A nan na gane abin da ke tsakanin mai koyarwa a rubuce da mai koyo. Gwani in ya ga kuskure a takarda sai ya yi dariya ya wuce. Mai koyo kuwa ba shi da ma'auni sai takardar, in ta karkace shi ma ya karkace, kuma kansa zai zarga.

Saboda haka muka buga gyara a shafin farko, da baƙi manya kamar na darasin. Muka ce laifin edita ne, ba na Baba ba. Na cikin waya ma da muka gyara, muka rubuta a ƙasa cewa an gyara, ga kuma abin da aka gyara. Tun daga ran nan muka kafa doka: ba darasin da zai fita sai an koma an karanta wa mai shi da ƙarfi, abin kiɗansa yana hannunsa, sa'an nan a kai wa wani makaɗi na wani gida dabam ya gwada. Mukan kuma duba littattafan masana, irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa wanda waɗansu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar a 1971. In littafi ya saɓa da makaɗi, ba mu yanke wa kowa hukunci a gaggauce, domin sau da yawa abin da Basakkwace ke kira da wani suna, Bakano ko mutumin Damagaram da wani suna ya san shi. Sai mu buga duka biyu, mu faɗi inda kowanne ya fito.

Kada wani ya ce wannan tsanani ya yi yawa a kan abin wasa. Manyan gwanaye suna ta tafiya. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Coge mai kiɗan ƙwarya a 2013, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi a 2015. Muryoyinsu suna nan a faifai, amma faifai ba ya nuna maka yadda aka sa hannu, ba ya kuwa amsa tambaya. Waɗanda suka zauna da su suka gani da ido kullum raguwa su ke yi. Rana tana zuwa da ba sauran shaida sai abin da aka rubuta. Kuskuren da edita ya ji kunyar gyarawa yau, shi jikoki za su ɗauka su rantse a kansa.

Abu na biyu kuɗi ne, shi ne kuwa ya kusa kā da ni. A shekararmu ta biyu bashi ya hau mu. Mai ɗab'i ya ce ba zai ƙara buga mana ko shafi guda ba sai mun biya na baya. Ana nan sai wani attajiri ya aiko a kira ni. Yana da wurin da a ke sassaƙa masa kalangu da ganguna da yawa, yana sayar wa masu koyo da makarantu da araha. Ya karɓe ni da fara'a, aka kawo abinci, muka ci. Sa'an nan ya ce, "Malam Edita, na ji halin da ku ke ciki. Ni zan ɗauke muku kuɗin ɗab'i na shekara guda cur."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Shafi nawa ka ke so na talla?"

Ya yi dariya ya ce, "Wane talla? Talla kowa ya gan shi ya san ni na biya, sai ya tsallake. Abin da na ke so, a cikin darasin nan naku, in kun zo inda za ku ce mai koyo ya nemi kalangu, ku ce kun gwada kun ga ba kamar nawa. Daga bakinku na ke so ta fito, domin ku a ke yarda da ku."

Da zan tashi ya sa mini ambulan a aljihu, ya ce na mota ne. Na yi godiya, na tafi da shi gida.

To, ga inda wuyar ta ke. Watanni kaɗan kafin wannan, masu karatu sun dame mu da tambayar wane kalangu za su saya, har muka aiki wani yaro da ba a san shi da mu ba, ya sayo mana iri-iri a kasuwa da kuɗinmu, muka ajiye muna gwadawa. A ciki akwai uku na Alhajin nan. Kafin hunturu ya fita biyu sun tsage, domin da ɗanyen itace aka sassaƙa su, ba a bari ya bushe ba. Na san wannan sarai sa'ad da na ke cin tuwonsa. Daren nan ban yi barci ba. Na ce wa kaina, ai kalma biyar ce ko shida, kuma in mujallar ta mutu wa ya amfana? Ashe ba gara ta rayu da 'yar ƙarya guda ba, ta ci gaba da koyar da gaskiya ɗari? Ambulan kuwa yana ƙarƙashin matashi, na ƙirga abin da ke ciki har sau biyu. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Tun ban kashe ko sisi ba, na ji har na fara nema wa kalangun nan uzuri, ina cewa watakila hunturun bana ne ya yi tsanani.

Da gari ya waye na tafi wurin Baba, na kwashe labari na gaya masa. Na ce, "Baba, ai ku ma haka ku ke yi. Mutum ya ba ku, ku yabe shi. Don me ni zai zama laifi?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin na yabi mutum a ɓoye? Ni in zan yi wa mutum kiɗa, a tsakiyar taro na ke yi. Ya miƙo kyauta kowa yana gani, maroƙi ya ɗaga ta sama ya faɗi ko nawa ce, har ya ƙara gishiri. In na ce wane ya fi kowa, duk wanda ke wurin ya san dalili, ba wanda zai sayar da akuyarsa saboda maganata. Kai kuwa rigar malami ka sa. Mutane sun zo wurinka ɗaukar karatu, ba kallon wasa ba. In kana so ka yi roƙo, sana'a ce, ba abin kunya ba ce, zo in ba ka ganga. Amma ka tuɓe rigar tukuna, kowa ya gan ka."

Ban sami abin da zan ce ba. Maganar nan ta raba mini abu biyu da na daɗe ina cakuɗawa. Yabon makaɗi ciniki ne a fili: mai bayarwa ya sani, mai karɓa ya sani, 'yan kallo sun sani. Yabon da edita ya sayar kuwa, akwai mutum na uku wanda ba a gaya masa ba, shi ne kuwa zai biya, watau mai karatu. Alhaji ba shafi ya ke so ya saya ba, yardar da masu karatu suka ba mu ya ke so. Yardar nan kuwa ba tawa ba ce balle in sayar, ajiya ce aka ba ni.

Daga baya na karanta cewa wannan cuta ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, kamfanonin faifai sun daɗe suna ba masu sa waƙa a gidajen rediyo kuɗi a ɓoye, domin su yi ta sa waƙoƙinsu, jama'a su zaci don daɗinsu a ke sa su. A 1959 asiri ya tonu, majalisar ƙasar ta shiga bincike. Wani shahararre a cikinsu, Alan Freed, ya rasa aikinsa a shekarar nan. A 1960 aka gyara doka, aka ce duk abin da aka biya kuɗi don a sa shi, lalle a gaya wa masu saurare. Ka lura, ba biyan aka hana ba, ɓoyewar aka hana. Abin da Baba ya gaya mini a zaurensa ke nan, shi da bai taɓa jin labarin majalisar Amurka ba. A can kuma akwai wata mujalla mai suna Consumer Reports, wadda aka fara a 1936. Aikinta gwada kayan da a ke sayarwa, ta gaya wa mutane mai kyau da mara kyau. Ba ta karɓar talla daga 'yan kasuwa, kayan da za ta gwada kuwa da kuɗinta ta ke saye a kanti kamar kowa. Mu ba mu da ƙarfin da za mu ƙi talla ɗungum, amma muna iya yi masa shinge.

Na koma wurin Alhaji na mayar masa da ambulan, ban taɓa kome a ciki ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, talla muna so, za mu sa shi a cikin akwati, mu rubuta TALLA a sama. Amma darasi ba na sayarwa ba ne. Kuma ina so ka ji daga bakina kafin ka gani a takarda: mun gwada kalangunka uku, biyu sun tsage. In kana da amsa, ka ba mu, mu buga ta kusa da tamu, ba za mu rage ko kalma ba."

Fuskarsa ta sāke. Ya ce, "Yaro, kai da ba ka da kuɗin takarda, kai za ka koya mini sana'a?" Bai ba da amsa ba, bai kuma ba da talla ba.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi ya biyo baya. Wata biyu mujallar ba ta fito a takarda ba. Da ta dawo, rabin shafinta ta dawo da shi. Ɗaya daga cikin abokaina ya ce taurin kaina zai kashe mu da yunwa, ya zare hannunsa, har yau kuwa gaisuwarmu ba ta koma kamar dā ba. Alhaji ya kai tallarsa wani wuri, kasuwarsa ba ta ragu da kome ba, yadda na gani. Abin da muka samu kaɗai shi ne mun buga abin da muka gani da idonmu, muka kuma koya wa masu karatu yadda za su gane busasshen itace da kansu: ba shi da nauyi kamar ɗanye, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya amsa da ƙara, ɗanye kuwa sai ka ji shi dum, da sanyi-sanyi a hannu. Wanda ya tara kuɗin kalangu da guminsa ya san abin da zai duba. Ban ce wannan ya biya mana bashi ba, amma na koma ina barci.

Abu na uku ya fi na biyu ciwo, domin ba kuɗi a ciki, sai zumunci. Akwai wani take da a ke yi wa 'yan dambe a yankinmu, muka so mu koyar da shi. Baba ya ce kakansa ne ya ƙago shi, a rubuta haka. Da muka kai darasin wani gida don a gwada, bisa dokarmu, sai tsohon gidan ya ce sam, taken nan nasu ne, kakan Baba a wurinsu ya ji shi. Na yi ta bin tsofaffi ina tambaya, waɗansu suka goyi bayan wannan, waɗansu wancan, ba mai hujjar da ta kā da ta ɗan'uwansa. To, ni wa zan bi? Baba ne ya koya mini riƙon gula, shi ya tsamo ni daga hannun Alhaji. In na rubuta yadda ya ke so, ba wanda zai kama ni da ƙarya, tun da ba wanda ya tabbata. Amma in na rubuta abin da ban tabbata ba kamar na tabbata, ai na koma inda na fito, sai dai wannan karo da ƙauna aka saye ni, ba da ambulan ba.

Sai na cire hannuna daga rubutun, na ba abokin aikina wanda ba ya tare da kowane gida. Muka buga maganar gida biyun, kowanne yadda ya faɗa, muka kuma gaya wa masu karatu cewa edita almajirin ɗaya daga cikinsu ne, su san da haka. Baba ya yi fushi ƙwarai. Ya aiko mini cewa ashe tsintacciyar mage ba ta mage. Wata huɗu ina zuwa gaishe shi, yana amsawa da ƙyar, ba ya ko duban inda na ke. Ran nan sai ga jikansa, ya ce Baba ya ce in zo da takarda da alƙalami, akwai wani kiɗan noma da ya ke so a rubuta tun yana da rai. Na tafi. Bai tā da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Har yanzu ban sani ba ko ya yarda na yi daidai, ko kuwa haƙuri kawai ya yi da ni irin na manya.

Daga abubuwan nan uku muka tsamo ƙa'idodin da mu ke aiki da su, muka buga su a bangon mujalla don kowa ya kama mu da su in mun saɓa. Ba mu buga darasi sai mai shi ya ji ya yarda, wani gwani kuma ya gwada. Kowane darasi da sunan wanda ya koyar da shi, da izninsa, da ɗan hasafinsa, domin ilminsa ne, ba namu ba. In mun yi kuskure mu gyara a fili, inda kowa zai gani. Talla yana cikin akwatinsa da sunansa, mai talla kuwa ba ya ganin darasi kafin a buga. Kayan da za mu gwada mu saya da kuɗinmu, wanda aka aiko kyauta mu mayar. Wanda za mu faɗi aibin kayansa, mu gaya masa tukuna, mu ba shi wurin amsa. In abu ya shafi ɗan'uwan ɗayanmu ko malaminsa, ya cire hannunsa, a kuma gaya wa masu karatu. Ba su da wuyar rubutawa. Wuyarsu sai ran da mai ɗab'i ya tsaya a bakin ƙofa, ko ran da wanda ka ke jin kunya ya dube ka.

Magabatanmu a wannan aiki sun san haka. Sa'ad da aka fara buga jaridar Hausa a Zariya cikin Janairu 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunan da aka zaɓa mata shi ne Gaskiya Ta Fi Kwabo. Dā ina ɗaukar sunan nan ado ne kawai. Sai da na kwana da ambulan a ƙarƙashin matashi na san gargaɗi ne ga mai riƙe da alƙalami, domin kullum kwabo yana tsaye kusa da gaskiya, yana jira a zaɓe shi.

Saura ku, masu karatu. Kun yi ƙoƙari kun buɗe wa kanku ƙofar karatu, to, kada ku sallama wa takarda hankalinku don kawai an buga ta da inji. Mutum ne ya rubuta ta, mai gyangyaɗi kamar ni, mai bashi, mai abokai. In kun ɗauki jarida ko mujalla, ko ta kiɗa ce ko ta noma ko ta magani, ku tambayi kanku abu uku. Wa ya faɗi wannan, an ambaci sunansa? Wa zai ci riba in na yarda? Na taɓa ganin takardar nan ta ce ta yi kuskure? Wadda ba ta taɓa gyara kanta ba, ba don ba ta kuskure ba ne, ɓoyewa ta ke yi. In kuwa abin da aka rubuta ya saɓa da abin da hannunku ya taɓa, kunnenku ya ji, kada ku yi kamar saurayin nan da ya zargi kunnensa. Ku ɗauki alƙalami ku rubuto wa edita, tun da yanzu kun iya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Editan kirki godiya zai yi muku, ko da ya ji zafi a ransa, domin ku ne iyayen gidansa, ba mai talla ba.

Ni dai har yanzu haye ne, kalanguna bai wuce na cikin ɗaki ba, yara suna dariya in na ɗauka. Amma na san in an matse murya hawa ta ke yi, ba kuwa zan ƙara mantawa ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.